Daga GNOME zuwa i3: kundin aikin wani ɗakin kwamfuta a Tahoua

Litinin, 6 ga Janairu 2025

Kwamfuta tara ne a ɗakin. Shida na tebur, duk masu Core 2 Duo da faifai mai juyawa. Huɗu daga cikinsu RAM ɗinsu giga 2 ne, biyu giga 4. Sauran ukun na hannu ne, masu giga 4. Dukansu Debian 12 ke kansu, wani nau'in Linux, da teburin GNOME 43, wato manhajar da ke tsara abin da ake gani a allo. Da safe ana buga takardu da LibreOffice, mafi yawa rahotannin ƙarshen karatu na ɗaliban jami'a da takardun neman aiki. Bayan la'asar ƴan koyo ke zama.

Matsalar ta masu giga 2 ce. Da an buɗe Firefox da Writer tare, fitilar faifai sai ta kama ta ƙi mutuwa, mai bugu ya gama kalma haruffanta ba su fito a allo ba. Mun kunna kowace, muka jira minti biyu ba a buɗe komai ba, muka duba da `free -m`. Gurbin da ake kallo shi ne `available`, ba `free` ba, don Linux na ajiye abin da ya karanto daga faifai a RAM, yana kuma sakinsa da zarar an nema. GNOME a zaune kawai ya riƙe kusan rabin giga biyun. Ba laifinsa ba ne, ba don irin waɗannan injunan aka ɗinka shi ba.

Ba za mu sake girka Debian ba, manajan tagogi kaɗai za a sauya. Aikin manajan tagogi ƙarami ne: ya ajiye taga a inda ta dace, ya ba ta girma, ya san wacce ke karɓar abin da ake bugawa. Sauran abubuwan da ido ya saba da su, alamar intanet, akwatin da ke neman kalmar sirri, buɗewar kile da kanta, kulle allo, duk na cikakken tebur ne. A Xfce, wani tebur irin GNOME, ana iya cire manajansa xfwm4 a sa wani a gurbinsa. A GNOME ba haka ba ne, manajansa Mutter a cikin gnome-shell, jigon teburin, yake, ba sa rabuwa. Ke nan sauya manaja a nan barin zaman GNOME ne gaba ɗaya, kuma duk hidimar da yake yi a ɓoye sai mun maido ta da hannu.

Mun zaɓi i3. Michael Stapelberg ya fara shi a 2009, yana jera tagogi kamar tubali, ba mai hawa kan wata, kuma saitinsa duka fayil ɗaya ne na rubutu da za a iya kwafa daga inji zuwa inji. Wanda ke Debian 12 shi ne 4.22. Sharaɗi ɗaya: GNOME na nan ba a taɓa shi har sai komai ya zauna.

Laraba, 8 ga Janairu

An fara da inji ɗaya mai giga 2.

`sudo apt install i3-wm i3status i3lock suckless-tools dunst dex xss-lock rofi x11-utils`

A Debian 12 dmenu, mai neman manhaja da suna, cikin suckless-tools yake, kar a nemi ƙunshi mai sunansa. A allon shiga, bayan an danna sunan mai amfani, ƙaramar alamar saiti na fitowa a ƙasan dama. Can ake zaɓar i3. Shigar farko yana tambaya biyu: a rubuta fayil ɗin saiti, da kuma wane maɓalli ne zai zama `$mod`. Mun ɗauki maɓallin Windows, wato Mod4. Alt ba zai yi ba, LibreOffice na amfani da shi wajen buɗe jerin umarninsa, za su yi ta karo.

Daga nan allo baƙi da siririn layi a ƙasa. `$mod+Enter` na buɗe taminal, `$mod+d` na neman manhaja da suna, `$mod+Shift+c` na sake karanta saiti, `$mod+Shift+e` na fita. Fayil ɗin yana `~/.config/i3/config`. Mun maimaita awon shekaranjiya, abin da aka riƙe bai kai megabait 400 ba. Firefox da Writer sun zauna tare, faifai ya yi shiru.

Alhamis, 9 ga Janairu

Yinin yau duka a kan allon madannai ya tafi, kuma duk wanda zai yi irin wannan aiki a Nijar nan zai fi daɗewa.

Madannanmu iri biyu ne. Biyar AZERTY ne irin na Faransa, huɗu QWERTY, irin waɗanda ke shigowa ta Konni. GNOME na ajiye zaɓin madannai a nasa saitin, i3 kuwa ba ruwansa, abin da tsarin ya ce shi X, tsarin nuna tagogi da i3 ke zaune a kai, ke bi, wato abin da ke `/etc/default/keyboard`. Inji na biyu da muka gwada QWERTY ne a jiki, amma fayil ɗin na cewa `fr`, don haka a taminal `a` na fitowa `q`. An gyara `XKBLAYOUT` a kowane inji daidai da madannan da ke gabansa, aka sake kunnawa.

Na biyu ya fi wuyar ganewa. Mai rubuta saitin farko na i3 wurin maɓalli yake bi, ba harafin da ke kansa ba. A AZERTY rufe taga ya koma `$mod+Shift+a`, jera tagogi a shafuka ya koma `$mod+z`, alhali duk bayanin da mutum zai karanta `q` da `w` zai gani. Muka kwafi fayil na injin QWERTY zuwa na AZERTY, sai sauya fagen aiki, wato allo daban-daban masu lamba da ake rarraba tagogi a kai, ya mutu ɗungurungum. Dalili: layin sama na AZERTY ba lambobi yake bayarwa ba sai da Shift. Maɓallin farko `&` ne, na biyu `é`, don haka `bindsym $mod+1` ba ya samun abin kamawa. Ana iya rubuta `ampersand`, `eacute`, `quotedbl` da sauransu, amma sai fayil ya zama na AZERTY kaɗai. Mafita ita ce lambar maɓallin kansa, wadda ba ta canzawa ko wane harafi aka zana a kai. Layin sama daga 10 yake zuwa 19, kuma `xev` na nuna lambar duk maɓallin da aka danna:

`bindcode $mod+10 workspace number 1`
`bindcode $mod+Shift+10 move container to workspace number 1`

Haka har zuwa 14, fage biyar sun isa. Ga haruffa kuma mun yi doka: kar a ɗora wani umarni a kan a, q, z, w ko m, su ne ke sauya wuri tsakanin madannan biyu. Shafuka sun koma `$mod+t`, komawa kan uwar taga `$mod+p`, motsi tsakanin tagogi da kibiyoyi. Rufewa kuma `bindsym Mod1+F4 kill`, wato Alt da F4, abin da hannun kowa ya riga ya sani daga Windows.

Masu QWERTY ma Faransanci suke bugawa, suna buƙatar é da è da ç. Mun fara sa musu `us` mai nau'in `intl`, muka cire nan take. A wannan nau'in alamar hamza jira take ta hau kan wasali na gaba, sai «sana'a» ta fito «sanaá», «jama'a» ta fito «jamaá». Ga mai buga Hausa wannan ba abin zama ba ne. `XKBVARIANT="altgr-intl"` ya raba gardama: hamza na fitowa yadda take, é kuma AltGr da e, ç AltGr da waƙafi.

Litinin, 13 ga Janairu

Yau aka shiga maido da abin da GNOME ke yi ba a gani.

An sa kile, ba abin da ya motsa. Kernel ya gan ta, `lsblk` ya nuna `sdb1`, sai dai ba mai ɗora ta. An girka udiskie, aka ƙara `exec --no-startup-id udiskie --tray`. Yanzu tana hawa `/media/` ƙarƙashin sunan mai amfani, da ƴar alama a layin ƙasa ta cirewa. Alamar nan ba ado ba ce. Mutane na zare kile da zarar sun ga an ce an kwafe, alhali wani ɓangaren na RAM bai sauka ba, su isa gida su tarar da rahoto rabi. Mai sarrafa fayiloli kuma Thunar muka sa, tare da gvfs don kwandon shara ya yi aiki.

Sai GParted ya ƙi buɗewa, Thunar kuma ya ce ba shi da izinin ɗora faifai na biyu. Duk abu ɗaya ne: polkit, mai ba da izinin irin waɗannan ayyuka, na neman wakilin da zai fito da akwatin kalmar sirri, a GNOME kuwa wakilin cikin gnome-shell yake, ya tafi da shi. Ba saƙon da zai gaya maka haka kai tsaye, shiru kawai za ka ji. `lxpolkit` ya cike gurbin, layi ɗaya na `exec`.

Alamar intanet, `nm-applet`, tana cikin saitin farko, kuma ƙunshinta network-manager-gnome na nan. Abin da ya dame mu shi ne na hannu ɗaya da ke ta tambayar kalmar sirrin Wi-Fi. An ajiye ta ne a ma'ajin sirri na mai amfani, injin kuma yana shiga da kansa ba kalmar sirri, don haka ma'ajin bai buɗe ba. A `nm-connection-editor` aka zaɓi a ajiye kalmar don duk masu amfani, ta koma `/etc/NetworkManager/system-connections/`, tambaya ta ƙare.

Game da `--no-startup-id`: in aka manta shi a kan manhajar da ba ta sanar da cewa ta gama tashi, linzami zai yi ta nuna alamar jira har sakan 60. Ba abin da ya lalace, amma mai zama zai ɗauka inji ya tsaya.

Firinta ba ta san an yi wani sauyi ba, CUPS hidimar tsari ce ba ta tebur ba. Sauti ma haka, layukan `pactl` na saitin farko sun yi aiki. Rubutun jikin manhajoji ne ya ƙanƙance, aka gyara da lxappearance, wanda ke rubuta `~/.config/gtk-3.0/settings.ini`.

Laraba, 15 ga Janairu

Wasu manhajojin da aka gina da GTK, kayan ginin manhajojin GNOME, na ɗaukar kusan sakan 25 kafin buɗewar farko, bayan nan lafiya lau. Adadin ne ya tona asiri: sakan 25 shi ne wa'adin da D-Bus, hanyar da manhajoji ke magana da juna, ke jira kafin ya haƙura da amsa. `journalctl --user -u xdg-desktop-portal` ya nuna yana kiran ɓangaren GNOME, wanda ba ya tashi in ba zamansa ba ne. Ba mu cire ƙunshin ba, gudun kar ya ja wasu su fita. An dai toshe shi:

`systemctl --user mask xdg-desktop-portal-gnome.service`

aka tabbatar xdg-desktop-portal-gtk na nan. Jinkiri ya tafi. Wanda zai koma GNOME a wannan asusun sai ya yi `unmask` tukuna.

Asabar, 18 ga Janairu

Haruffa masu lanƙwasa. Akwai tsarin `ng` mai nau'in `hausa` a X, amma a kan QWERTY aka gina shi, in aka ɗora wa mai AZERTY duk abin da ke zane a madannai ya tashi. Mun bi hanyar maɓallin haɗi: a danna shi, a saki, a buga haruffa biyu, su ba da ɗaya. A `/etc/default/keyboard` an sa `XKBOPTIONS="compose:menu"`. Kar a yi kuskuren ba shi Alt na dama, a AZERTY shi ne AltGr, da shi ake samun @ da # da €. Ranar da aka ƙwace shi ba mai iya rubuta adireshin imel. Na hannu da ba su da maɓallin menu an ba su `compose:caps`.

Sai `~/.XCompose`:

`include "%L"`
`<Multi_key> <k> <k> : "ƙ" U0199`
`<Multi_key> <d> <d> : "ɗ" U0257`
`<Multi_key> <b> <b> : "ɓ" U0253`
`<Multi_key> <y> <y> : "ƴ" U01B4`

Manyan kuma da manyan haruffa: Ƙ U0198, Ɗ U018A, Ɓ U0181, Ƴ U01B3. Layin `include` dole ya zo a sama. Jerin tsarin ya riga ya ba `k` biyu wani harafi, ĸ, na tsohon rubutun Girinlan, kuma layin da ya zo daga baya shi ke rinjaye. A ƙaramin rubutu ĸ da ƙ na iya ruɗa ido, ga shi neman kalma ba zai taɓa haɗa su ba. Kowace manhaja sai an rufe ta an sake buɗewa kafin ta ga sabon fayil.

Layin saman taga an ba shi `font pango:DejaVu Sans 10`, don sunayen fayiloli masu ƙ da ɗ su fito sosai. Na asali girmansa 8 ne, ya yi wa idon manya ƙanƙanta.

Talata, 21 ga Janairu

Masu buga takardu biyu sun zauna a kai yau. Ba a yi minti biyar ba ɗaya ta juyo: «Malam, ina alamar rufewa take?» Babu ita. Layin saman taga a i3 suna kaɗai yake ɗauka. An nuna mata Alt da F4, an kuma ƙara `bindsym --release button2 kill`, wato danna tsakiyar linzami a kan layin saman na rufe taga.

Abu na biyu da muka gani da idonmu: tana bugu, gwiwar hannunta ta ture linzami ya faɗa kan taga ta gefe, sauran jimlar ta tafi can. i3 na bin linzami ne tun asali. `focus_follows_mouse no` ya tsaida wannan.

Na uku shi ne jerin tubalin kansa. Allon na tebur ƙanana ne, in aka raba biyu shafin Writer ba ya nuna faɗinsa, in taga ta uku ta shigo kuwa ba mai iya aiki a ko ɗaya. `workspace_layout tabbed` ya sa kowace taga ta cika allo, sunayensu a jere a sama kamar shafukan Firefox, abin da suka riga suka iya. Rabawa biyu na nan a `$mod+e`, kuma yana da ranarsa: mai kwafar takardar PDF a hagu, Writer a dama, ba jan gefen taga, ba wadda ta ɓuya a bayan wata. A wannan aikin i3 ya fi duk abin da muka taɓa gwadawa.

Ƙananan tagogi ba su dace da cika allo ba. Akwatunan ajiyewa da na bugawa i3 na barinsu su yi shawagi da kansu, wasu kuma sai an faɗa masa. `xprop WM_CLASS` sai a danna tagar, ya ba da suna biyu. Na biyun shi ne `class`, kuma babba da ƙaramin harafi ba ɗaya ba ne.

`for_window [class="Pavucontrol"] floating enable`
`for_window [window_role="pop-up"] floating enable`
`assign [class="(?i)firefox"] number 2`

LibreOffice ya ƙi bin `assign`. Tagarsa kan fito da wani suna, daga baya ta koma `libreoffice-writer`, shi kuwa `assign` sau ɗaya yake dubawa, lokacin fitowa. `for_window` na sake dubawa in suna ya canza, don haka:

`for_window [class="libreoffice-writer"] move container to workspace number 1`

dmenu ma an ajiye shi. Sunan umarni yake nema, mai bugu kuwa ba ta san Writer `lowriter` ne ba. `rofi -show drun -show-icons` na kawo sunayen da aka sani da alamominsu.

Juma'a, 24 ga Janairu

Wani yaro ya taɓa maɓallin wuta na inji na uku, ya mutu nan take, da takarda a buɗe. A GNOME ba ya mutuwa haka, don yana riƙe maɓallin daga hannun logind, hidimar tsari mai kula da maɓallin wuta. Da ba shi, logind na bin asalinsa, wato kashewa. A `/etc/systemd/logind.conf` an sa `HandlePowerKey=ignore`, aka yi wa kashewa nata maɓallin da `i3-nagbar` mai neman tabbaci kafin `systemctl poweroff`.

Ɗaukewar kuran kuwa ba saitin da ke hana ta, na tebur ba su da batirin riƙo. Abin da ke hannunmu biyu ne. An rage tazarar ajiyar ceto ta LibreOffice zuwa minti 3. An kuma sa Writer da Thunar su tashi da kansu a fage na 1 da na 3, don in wuta ta dawo kowa ya tarar da wurinsa. i3 ba ya tuna tagogin da ke buɗe kafin mutuwa.

Na hannu: ba gargaɗin ƙarewar batir, maɓallan haske kuma ba sa komai. xfce4-power-manager ya ɗauki gargaɗin, ba ya buƙatar sauran Xfce. Haske kuma `bindsym XF86MonBrightnessDown exec brightnessctl set 10%-` da ɗan'uwansa na ƙarawa.

i3lock farin allo yake bayarwa, ba rubutu, ba akwati, sai an fara bugu wani da'ira ya fito. Mutum biyu sun ɗauka allo ne ya lalace. A na hannu an bar shi da launi mai duhu, `i3lock -c 203040`, aka yi wa masu su bayani. A na tebur an cire layin xss-lock, ba abin da ake kullewa a can.

Majigin darasi an gwada shi yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Sa waya ba ya kawo hoto sai an ce:

`xrandr --output VGA-1 --auto --same-as LVDS-1`

Sunan kafa na bin direban hoto. A wani injin `VGA-1` ne, a wani `VGA1` ba tsaga, don haka a fara buga `xrandr` shi kaɗai a karanta. Da hoto ya zauna aka yi `autorandr --save majigi`, aka zare waya aka yi `autorandr --save shi-kadai`. Yanzu yana ganewa da kansa.

A layin ƙasa, i3status, an rage abin da ke ciki zuwa intanet, batir, sarari a faifai, agogo, da zafin inji. Na ƙarshen don ƙurar hunturu muka sa shi, `max_threshold = 75` na maida shi ja. Kwana ɗaya ya nuna mana inji na biyar, aka buɗe aka tarar ƙura ta yi kirtani a bakin fanka.

Litinin, 27 ga Janairu

An raba saitin ga duka tara. Fayil ɗaya ne na kowa, bambancin kowane inji kuma a nasa ƙaramin fayil. Tun 4.20 i3 na karɓar `include`, har da sunan inji:

``include ~/.config/i3/`hostname`.conf``

A can layukan majigi da na batir ke zama. A lura, `$mod` da aka ayyana a babban fayil na aiki a ƙaramin, amma abin da aka ayyana a ƙaramin ba ya hawowa sama. Kafin kowace kwafa ana buga `i3 -C`, yana karanta saiti ya faɗi layin da ke da kuskure ba tare da ya tashi ba. An zuba kwafi a `/etc/skel/` don sababbin asusu. Tsofaffi ba ya taɓa su, da hannu aka yi musu.

Allon shiga ma an sauya, GDM shi kansa gnome-shell yake tayarwa don nuna akwati ɗaya. `apt install lightdm` na tambayar wanda za a bi, in an wuce sai `dpkg-reconfigure lightdm`. A Debian yana ɓoye sunayen masu amfani; `greeter-hide-users=false` a ƙarƙashin `[Seat:*]` na fito da su.

Alhamis, 30 ga Janairu

An gwada Sway a na hannu ɗaya, 1.7 ne a Debian 12. Shi ne takwaran i3 a Wayland, sabon tsarin da ke maye gurbin X, Drew DeVault ya fara shi, 1.0 ya fito a 2019. Ya karanta kusan duk fayil ɗinmu. Amma xrandr da autorandr ba su da iko a can, madannai sai an rubuta su a sashen `input` da `xkb_layout` da `xkb_options`, manhajojin Wayland kuma da `app_id` ake kama su ba `class` ba, ana ganinsa da `swaymsg -t get_tree`. Hoto ya fi santsi wajen gungura shafi. Duk da haka an ajiye shi: x11vnc da malami ke nuna allonsa ga ƴan koyo na X ne, sai an koma wayvnc an sake gwada komai, kuma ba ma son iri uku a ɗaki ɗaya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Mako biyu ya isa a yanke hukunci. Masu buga takardu sun karɓi i3, hannunsu ba ya barin madannai dama, kuma ɗaya ta nemi a ƙara mata fage na shida. Ƴan koyo da masu shigowa na rabin awa kuwa wahala suke sha. Wanda yau ya fara riƙe linzami, gobe kuma ofishin da zai je Windows zai tarar, bai kamata a fara shi da teburin da ba alamar rufewa, ba jan taga, ba jerin manhajoji a ƙasa ba. Takardar maɓallai da muka liƙa a gefen allo ba ta taimaka ba, suna karantawa ne maimakon aiki.

Don haka na tebur huɗu da ke bakin ƙofa sun koma Openbox 3.6.1, wani manajan tagogi. Nauyinsa bai fi na i3 da wani abin kirki ba, tagoginsa kuma na shawagi da maɓallansu uku a kusurwa. Aikin makonnin baya bai tafi a banza ba: madannai, XCompose, logind da LightDM duk ba na i3 ba ne, suna nan yadda suke. An kwafi `/etc/xdg/openbox/` zuwa `~/.config/openbox/`, aka maida layukan `exec` cikin `autostart`:

`lxpolkit &`
`nm-applet &`
`udiskie --tray &`
`tint2 &`
`pcmanfm --desktop &`

Alamar `&` ta ƙarshe wajibi ce. An manta ta a layin farko a inji ɗaya, sauran huɗun suka tsaya jiran lxpolkit ya gama, shi kuwa ba ya gamawa, sai allo fayau ba komai. tint2 ne layin ƙasa mai tagogin da ke buɗe da agogo, pcmanfm na ba da alamomi a kan tebur: Writer, Firefox, da jakar takardu. A `rc.xml` an ɗora `W-Left` da `W-Right` a kan `MoveResizeTo` mai faɗin `50%`, don mai son raba allo biyu ya samu. Bayan kowane gyara `openbox --reconfigure`. XML ne, alama ɗaya da ba a rufe ba na sa ya yi ƙorafi ya ƙi karɓar fayil ɗin, don haka ana ajiye kwafi kafin a taɓa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Biyar na kan i3, huɗu na kan Openbox, ba wanda ya koma GNOME tun 27 ga wata. Abu biyu ba su warware ba. Bidiyo na tsagewa a tsakiya a na tebur biyu. `picom --backend glx --vsync` ya gyara ɗaya, a ɗayan kuma ya sa linzami nauyi, an cire, za a gwada `xrender` ranar Litinin. Sannan wayoyin Android da ake haɗawa don ɗauko hoton takarda ba sa fitowa a pcmanfm na inji biyu. Udiskie ba ya ganinsu don ta MTP suke magana, gvfs-backends ake buƙata, kuma babu shi a can.

Cire GNOME zai fara da inji na takwas kaɗai. Haɗarin yana wajen `autoremove`, wanda zai iya kwashe abubuwan da suka shigo ta dalilinsa alhali muna amfani da su. Za a fara da `apt-mark manual network-manager-gnome gvfs-backends evince system-config-printer xdg-desktop-portal-gtk`, sannan a sa `-s` a umarnin cirewa don ya nuna jerin ba tare da ya taɓa komai ba, a karanta shi layi-layi. In inji na takwas ya yi mako guda yana bugawa, yana ɗora kile, yana shiga intanet, sauran za su biyo baya biyu-biyu.